Babi na Bakwai: Ɓawon da Wuta Take Bari a Jikin Ƙarfe

Daga watan Afrilu har zuwa saukar ruwan shuka, da wuya ka sami rumfar da ta kai ta maƙera cika a garuruwa da ƙauyukan Gaya da Ajingi. Wannan ya kawo garma a buɗa mata baki, wancan yana son sabon ruwan fartanya, wani kuma ya sauke bakin garmar shanu da rairayi ya cinye tun bara. Duk wanda ya zauna a irin wannan rumfa ya dubi ƙasa zai ga kewayen uwar maƙera ya yi baƙi da wasu ɓaraguzai sirara masu ɗan ƙyalli, launinsu tsakanin baƙi da shuɗi. In ka ɗauki ɗaya ka murza, sai ya dagargaje a yatsunka. In ka kawo mayen ƙarfe kusa, sai su taso su manne masa. Wannan shi ne ɓawon ƙarfe. A kowace shiga wuta sai ƙarfe ya yi sabo, a kowane bugun masaba sai ya zuba.

A babin da ya gabata mun yi magana a kan zaɓen ƙarfe: dalilin da ya sa maƙeri yake neman sifirin ɗin babbar mota ko tsohon magagari in zai yi gatari ko kurfi, yake kuma guje wa rodin gini. A wannan babi za mu bi ƙarfen zuwa cikin wuta. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, ɓawon da ido yake gani shaida ce ta wata ɓarna da ido ba ya gani, kuma wannan ɓarna ita ce sau da yawa take sa a zargi ƙarfe mai kyau da rashin kyau, a kuma zargi maƙeri mai gaskiya da ha'inci.

Abin da kakanni suka raba, wuta tana sake haɗawa

Gaya ba baƙuwar ƙarfe ba ce. Labarin da aka gada daga bakin magabata ya ce Abagayawa, mutanen da suka fara zama a gindin Dutsen Dala, maƙera ne da suka taso daga Gaya suna neman tama, kuma sunan jagoransu, Kano, shi ne ya bi birnin. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun sami alamun narkar da tama a Dala da gwaji ya nuna sun kai wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Ke nan sama da shekara dubu ana hura wutar ƙarfe a wannan ƙasa.

Mene ne aikin masu narkar da tama? Tama ƙarfe ce da ta haɗu da iskar oksijin ta zama dutse. Sai a zuba ta a rahoniya tare da gawayi mai yawa, a hura wuta. Gawayin da yake ci a inda iska ba ta ishe shi ba yana fitar da wani gas mai ƙishirwar oksijin, wanda yake zare oksijin ɗin daga jikin tama, ya bar ƙarfe. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen waje da tarkacen injuna suka yawaita, sai haƙar tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Yau maƙerin Ajingi daga tsofaffin motoci yake samun ƙarfensa, ko a wajen masu gwangwan, ko ya yi saƙo Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano.

To, ɓawo kishiyar wancan aiki ne. Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ce. A yanayin sanyi tana cin ƙarfe a hankali, shi ne tsatsa, wadda take ɗaukar watanni tana neman taimakon danshi. Amma da zarar ƙarfe ya yi ja, abin da yake ɗaukar watanni sai ya faru cikin daƙiƙoƙi. Saman ƙarfen yana sake haɗuwa da oksijin, ya koma dangin tamar da aka fito da shi daga cikinta. A manyan masana'antun mulmula ƙarfe, inda ake auna komai, ana lissafin cewa kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na nauyin ƙarfe yana tafiya a ɓawo a gashi ɗaya. Sai mai karatu ya kwatanta da ruwan gatarin da ya shiga wuta sau goma ko fiye kafin ya kammala.

Hawa uku

In an yanka ɓawo aka duba shi da madubin ƙara girma, za a ga hawa uku ne. Na ciki, wanda yake manne da ƙarfe, masana suna kiransa wustayit. Shi ya fi kauri nesa ba kusa ba, kuma ba ya samuwa sai zafi ya haura digiri 570 a ma'aunin Salsiyos. Na tsakiya shi ne magnatayit, baƙi, mai tauri, wanda mayen ƙarfe yake kamawa. Na waje siriri ne ƙwarai, sunansa hematayit, kuma shi ne yake ba da jan ƙurar da akan gani wani lokaci a jikin ƙarfen da ya huce a sarari.

Abu biyu ne suke ƙara wa ɓawo kauri: daɗewa a wuta da tsananin zafi. Amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ɓawon da ya riga ya fito yana tare hanya, don haka kafin kaurinsa ya ninka sau biyu sai lokaci ya ninka kamar sau huɗu. Zafi kuwa ba ya jira. Tsakanin ƙarfen da ya yi ja da wanda ya koma ruwan ɗorawa, saurin cin iskar yana ninkuwa sau da yawa. Shi ya sa minti biyu a farar wuta ya fi minti goma a jar wuta ɓarna. In kuma ƙarfe ya fara tartsatsi yana ƙara shuu, to ya wuce batun ɓawo, ƙarfen kansa ne yake ƙonewa, kuma wurin da ya ƙone sai dai a yanke a yar.

Da yake ɓawo da ƙarfe ba sa takurewa daidai in suna hucewa, sai ɓawon ya tsattsage, wani ya faɗi, wani ya maƙale. Wanda ya maƙale ɗin ne yake jawo magana.

Fatar da ba a gani

Abin da ya bambanta ƙarfen kayan aiki da baƙin ƙarfe na yau da kullum shi ne sinadarin kabon, wato ainihin abin da ke cikin gawayi. Rodin gini yana da kamar kashi 0.2 zuwa 0.3 cikin 100. Sifirin yana da wajen 0.6. Magagari yana kai 1 ko ya ɗan haura. Wannan ɗan kabon shi ne yake sa in an gasa ƙarfe ya haura digiri 727, tsarin cikinsa ya sauya, sannan aka tsoma shi a ruwa ko a mai kafin kabon ya sami damar komawa mazauninsa, sai ƙarfen ya yi taurin da magagari ba ya kama shi. Wannan shi ne abin da maƙera suke nufi in sun ce an ba ƙarfe ruwa.

Matsalar ita ce, oksijin ɗin da take cin ƙarfe tana cin kabon ma, har ta fi son sa. Daga wajen digiri 700 zuwa sama, kabon ɗin da ke saman ƙarfe yana haɗuwa da oksijin ko da tururin ruwa, ya zama gas ya tashi. Na ƙasa da shi sai ya matso sama, shi ma ya tafi. Kafin a ankara, a ƙarƙashin ɓawon an sami wata siririyar fata wadda kabon ya gudu daga cikinta. Sau da yawa kaurinta bai kai rabin milimita ba. Amma ita ba ta shan ruwa, ko sau nawa aka tsoma ta, domin abin da zai taurare ya riga ya fita. Ciki yana nan garau da taurinsa, waje kuwa laushi.

Rabin milimita ba komai ba ne a bayan gatari. A bakin lauje ko na wuƙa kuwa, shi ne komai, domin kaifin gaba ɗaya bai kai wannan kauri ba, kuma iska tana cinsa ta gefe biyu. Ga yadda abin yake kasancewa. Manomi ya sayi sabon lauje ranar kasuwa, ya je yankan ciyawa, kafin hantsi baki ya lanƙwashe. Sai ya dawo rai a ɓace: "Malam, ai wannan rodi ka ƙera min." Maƙerin da ya san aikinsa ba ya musu. Zai karɓa ya ce, "Yi haƙuri, Alhaji, zauna ka gani." Sai ya ɗora magagari a bakin. Jan farko da na biyu magagarin yana kamawa yana zubar da gari, babu ƙara. Ana cikin haka sai sautin ya sauya, magagarin ya fara zamewa yana ƙara siririya kamar an goga shi a kwalba. An wuce fatar ke nan, an iso ƙarfen gaske. Daga nan laujen zai yi shekara yana aiki. Yawancin masu cewa sabuwar wuƙa ba ta yin kaifi sai an wasa ta sau uku, wannan fata suke cirewa ba su sani ba.

A ƙasa irin ta Gaya da Ajingi, inda gonakin gero da dawa da gyaɗa da wake suke da rairayi, abin ya shafi har da fartanya da garma. Ƙwayar rairayi ta fi ƙarfe tauri, ko da wanda ya sha ruwa ne. Ƙarfe mai laushi kuwa cinye shi take yi da sauri. Kowace milimita ta baki da ta tafi, kuɗin manomi ne ya tafi a tsakiyar damina, lokacin da ba shi da rarar ko sisi.

Inda ɓawo yake cuta

Ban da fatar da yake ɓoyewa, ɓawo yana da nasa laifin. Na farko, in ya zuba a kan uwar maƙera ba a share ba, masaba tana dasa shi cikin jikin ƙarfe mai zafi. In ya fita daga baya sai ya bar ramuka kamar zanzanar agana, kuma daga irin waɗannan ramuka tsaga take farawa a kayan da suke shan duka, kamar kurfi da gatari. Na biyu, lokacin ba da ruwa, ɓawo mai kauri da ya ɗaga yana riƙe tururi a ƙarƙashinsa, ya hana wurin hucewa da sauri. Sakamakon haka baki ɗaya sai ya fito da tabo-tabo, nan tauri, can laushi. Na uku, ɓawo yana dasashe magagari. Wanda ya ɗora sabon magagari a kan ƙarfen da ba a kankare ba, ya kashe shi tun ranar farko. Na huɗu, inda ɓawo ya tsage ruwa ya shiga, tsatsa ta fi saurin ratsawa fiye da a ƙarfen da aka goge tas.

Sai dai a yi adalci. Ba kowane baƙi ne aibi ba. Siririn baƙin da yake manne daram a jikin fartanya ko bayan gatari, wanda farce ba ya ɓamɓare shi, in aka shafa masa mai yana taimakawa wajen tsare tsatsa. Babu dalilin ɓata lokaci da dutsen giranda a kansa. Inda ake bukatar farin ƙarfe shi ne baki da ɗan abin da ke bayansa.

Rigakafi a bakin wuta

A masana'antun Jamus ko Japan ko Indiya, ana gasa ƙarfen kayan aiki ne a murhun da aka zuƙe wa iska, ko aka cika da gas irin su naitirojin da agon, ko kuma a tsoma shi cikin narkakken gishiri, ko a naɗe shi da siririn fallen ƙarfen da ba ya tsatsa. Manufar duka ɗaya ce: kada oksijin ta taɓa ƙarfe yana da zafi. Maƙerin ƙauye ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma yana da gawayi, kuma gawayin da ya raba tama da oksijin a zamanin Abagayawa yana iya kare ƙarfe daga gare ta yau.

Wutar maƙera ba iri ɗaya ba ce daga ƙasa zuwa sama. A daidai bakin da iskar zugazugi take fitowa, oksijin tana nan da yawa, gawayi bai riga ya cinye ta ba. Nan ne wuta ta fi ƙarfi, nan ne kuma ta fi cin ƙarfe. Can sama kaɗan, bayan iskar ta ratsa garwashi mai kauri, oksijin ta ƙare. Ƙarfen da aka sa a nan, aka kuma rufe shi da gawayi ta sama, yana yin ja ba tare da ya yi ɓawo mai yawa ba. Don haka wutar ba da ruwa tana son tudun gawayi, kamar kaurin tafin hannu a ƙarƙashin ƙarfen, da wani a samansa. Tsimin gawayi a wannan mataki asara ce. Gawayin ƙirya, wanda maƙera suka daɗe suna fifitawa, yana da nauyi kuma yana daɗewa yana ci, shi ya sa yake riƙe irin wannan tudu. A kuma tabbata busasshe ne, domin tururin jiƙaƙƙen gawayi yana zare kabon.

Sai zuga. In ka ji tsohon maƙeri yana ce wa ɗansa, "Kai, sassauta hannu, ba ƙira muke ba," yaron ya amsa, "To, Baba," wannan ilimi ne tsantsa. Wutar ƙira daban, wutar ba da ruwa daban. Ana ƙira tsakanin digiri 900 zuwa 1,100, inda ƙarfe yake ruwan lemo zuwa ruwan ɗorawa, kuma a nan ne ake cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ba da ruwa kuwa bai wuce digiri 780 zuwa 850 ba, gwargwadon irin ƙarfen. Duk abin da ya haura haka ƙarin ɓawo ne, ƙarin gudun kabon, da ƙwayoyin cikin ƙarfe da suke kumbura su sa shi saurin karyewa. Injin hura wuta na hannu ko mai ƙafar keke, wanda ya maye gurbin zugazugin fata a rumfuna da yawa, yana ba da iska fiye da kima cikin sauƙi, don haka ya fi bukatar lura.

Ido yana ruɗuwa da hasken rana: ƙarfen da yake ja a inuwa, a rana baƙi ake ganinsa, sai a yi ta ƙara masa wuta. Shi ya sa ya fi kyau a ba da ruwa da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a cikin rumfa. Akwai kuma ma'aunin da ba ya ruɗuwa, wato mayen ƙarfen da ake cirowa daga tsohuwar sifika. A wajen digiri 770 ƙarfe yana daina kama shi. Magagari in ya ɗan wuce nan ya isa. Sifirin yana son a ƙara masa kaɗan, sannan a tsoma shi a mai, domin ruwa yana iya tsaga shi.

Wata dabara tsohuwa ita ce yi wa ƙarfe riga. Wani malamin kirista a ƙasar Jamus mai suna Tiyofilus, wanda ya rubuta littafin sana'o'i a farkon ƙarni na 12, ya bayyana yadda ake barbaɗa wa magagari garin ƙonannen ƙahon sa da gishiri kafin a ba shi ruwa, ƙananan kuma a naɗe su da fatar akuya a shafe da yumɓu. Ƙaho da fata suna ba da kabon, yumɓu yana tare iska. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin maƙerin Gaya. Ko siririn shafe na yumɓu da aka dama da garin gawayi, aka bari ya bushe sarai, yana rage ɓarna ƙwarai.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. A share uwar maƙera bayan kowane zagaye. A goge ƙarfe da buroshin waya da zarar ya fito daga wuta, tun ɓawon yana da taushi. A rage yawan shiga wuta. Sannan, mafi muhimmanci, kada a ƙere baki har ya yi kaifi kafin a ba shi ruwa. A bar masa kauri kamar milimita ɗaya, domin a sami abin da za a cire tare da fatar.

Kankarewa da karanta launi

Ƙarfen da ya fito daga ruwa yana da tauri amma yana da gautsi, in ya faɗi a kan dutse yana iya tarwatsewa. Dole a sake ɗumama shi kaɗan domin a sassauta gautsin. A nan ma oksijin tana aiki, amma wannan karon taimako take yi. A ƙaramin zafi tana shimfiɗa wa ƙarfe wani shafe siriri ƙwarai wanda launinsa yake sauyawa da zafi. A wajen digiri 220 zuwa 230 launin kara ne busasshe, wanda ya dace da aska da wuƙar fawa. A wajen 250 zuwa 260 ya koma ruwan ƙasa, na kurfi da gatari. Daga nan sai shunayya a wajen 280, sai shuɗi a wajen 300, inda tauri ya ragu amma ƙarfe yana lanƙwasa ya dawo, kamar yadda ake so a adda.

Waɗannan launuka ba sa fitowa a kan ɓawo. Sai an goge bakin da dutsen washi ko takardar yashi ya yi fari tas. Maƙeri zai riƙe ruwan gatari da awartaki, ya ɗora ƙeyarsa a kan garwashi, baki yana waje, ya zuba ido. Can sai launin kara ya ɓullo daga ƙeya yana rarrafowa, ruwan ƙasa yana biye da shi, shunayya tana bayansu. Da launin da yake so ya iso baki, sai ya tsoma a ruwa ya tsayar da shi. Wanda bai kankare ɓawo ba, da ka yake wannan aiki.

Wajen kankarewa, dutse da takardar yashi sun isa. Jiƙa ƙarfe ya kwana a ruwan binega ko ruwan tsamiya mai kauri yana sassauta ɓawo, da safe a goge, a wanke da ruwan toka ko kanwa, a shafa mai nan take. Ruwan batir kuwa a nisance shi: yana ƙona fata, yana makantarwa, kuma yana cusa wa ƙarfen da ya sha ruwa iskar haidurojin da take sa shi tsagewa daga baya. Mai amfani da giranda ya riƙa tsoma ƙarfen a ruwa akai-akai. In baki ya yi shuɗi a kan dutse, taurin wurin ya tafi, aikin ya koma baya. A kuma kare ido da tabarau, domin ɓawo mai zafi yana tsalle, kuma yara masu zuga su ne suka fi kusa da shi.

Kira

Babu abin da aka lissafa a nan da yake bukatar lantarki ko jari mai yawa. Tudun gawayi busasshe, sassaucin zuga, mayen ƙarfe, yumɓu, da barin kauri a baki, duka suna hannun maƙeri. Da yawa daga cikin dattawan sana'ar suna yin su tun kafin a haife mu, ko da ba su kira sunan kabon ba. Abin tsoro shi ne gaggawar kasuwa, wadda take sa matashi ya hura farar wuta don ya fitar da fartanya ashirin a yini, ya bar abin da mahaifinsa ya sani ya tafi tare da shi.

Ina kira ga sarakunan maƙera na Gaya da Ajingi da su sa ido a kan yadda ake koya wa yara wutar ba da ruwa, kada a tsaya ga bugu kawai. Ina kira ga malamai da ɗaliban injiniya na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil, wadda take maƙwabtaka da waɗannan garuruwa, da su ɗauki lauje da fartanyar kasuwa su yanka su auna taurinsu, sannan su koma rumfa su faɗa wa maƙera abin da suka gani da Hausa. Kai kuma mai saye, kada ka yanke wa sabon lauje hukunci da yankan farko. Ka wasa shi har ka wuce fatar, kuma in ka sami maƙerin da yake ɓata lokaci da gawayi don ya ba ka baki mai ƙarko, ka biya shi haƙƙin wannan lokaci ba tare da ja-in-ja ba.